Kuɗin aike ya ninka a tasha, kuma na yi kuskuren lissafi: waye zai ɗauki asarar?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema dan abun nan tun jiya ya hanani sukuni. Ina saida atamfa da leshi a WhatsApp da Instagram daga nan Kano, shekara uku kenan. Wata baiwar Allah a Abuja ta min odar ankon biki, atamfa turmi 14 kowanne 21,000, mayafi 14 kowanne 3,000, sai leshi 3 kowanne 38,000. Da ta tambayeni kuɗin aike kawai sai nace mata dubu huɗu dan abinda na saba biya kenan in leda ɗaya ce, ban tsaya na tuna cewa wannan jaka ce guda shaƙe da kaya ba. Na rubuta mata jimla duka har da aike 416,000 ta turo take. Da yaro ya kai kayan tasha direba yana ɗaga jakar yace shi ƙasa da 11,000 bazai ɗauka ba, da ƙyar da magiya aka tsaya a 9,500, ga ɗan sahu ya karɓi 1,500 daga gida zuwa tasha. Wannan ɗaya kenan. Na biyu kuma sai da daddare ina duba littafina na ga ashe leshi biyu na lissafa ba uku ba, wato 38,000 bata shiga jimlar ba sam, kuma kaya sun riga sun tafi. Na kirata na mata bayani cikin lalama tace ita fa ta gama biya, ta turo min hoton rubutuna ta zagaye inda na sa "jimla duka". Ribar da nake sa rai gaba ɗaya bata kai abinda zan rasa ba. Ya zanyi dan Allah?

Hajja Mai Turare: Wa alaikumus salam, sannu 'yar uwa Allah ya mayar miki da alheri. Ni dai a ganina magana biyu ce kika haɗa mata waje ɗaya shiyasa ta toshe kunne. Kuɗin mota daban, kuɗin leshi daban.

Ɗan Kwari: Hajiya kiyi haƙuri da abinda zan faɗa, na aiken nan ke zaki ɗauka. Ke kika yanke farashi da bakinki ba wanda ya matsa miki, ta biya, magana ta ƙare. Mu a Kantin Kwari in ka cewa baƙo kuɗin ɗauri da dako da mota kaza ne ya ƙirga ya baka, ko da 'yan dako sun ninka maka daga baya bazaka bi shi Agadas ko Garwa kace ya ciko ba. Amma leshi kayanki ne yana hannunta bata biya ba, wannan ko a gaban wa aka je haƙƙinki ne.

Maman Ilham: Nima Alhaji dubu bakwai ɗin na aike zuciyata ta fara haƙura da ita, leshin ne ya tsaya min a rai.

Ummu Khalil Abuja: Ni ba mai saidawa bace mai saye ce, admin ce ta sakani a guruf ɗin nan dan ina yawan odar kaya daga Kano, to ku bari na faɗa muku yadda abun yake ta ɓangarenmu. Wlh mun gaji da maganar "Anti an samu ƙari a tasha". Sau nawa ana min haka, ka biya kaya ka biya aike sai can da yamma a kiraka wai direba yace kaza, kai baka ga direban ba baka ji muryarsa ba, ta ina zaka san gaskiya ne? Akwai wadda na taɓa ba dubu shida na aike, da na je karɓa na tambayi direban nawa aka bashi yace dubu biyu da ɗari biyar. Tun daga ranar duk wadda ta kirani da zancen ciko sai jikina ya bani cuta ce ko da kuwa gaskiya take faɗa. Kuma ku tuna mu ma ba a tasha muke kwana ba, in mota ta sauke a Jabi ko Zuba sai na sake biyan mai mashin ya kawo min gida ko na ƙona mai na je da kaina. Ban ce matar nan ta kyauta ba amma na san abinda ya sa ta taurare.

Hajja Mai Turare: Gaskiya kika faɗa Ummu Khalil, wasu a cikinmu sun maida kuɗin aike wata hanyar cin riba ta biyu, su suka ɓata mana suna.

Anti Mai Kayan Kicin: Amma tsakani da Allah ba duk ƙari bane cuta. In na ce miki aike 6,000 alhali direba 3,500 zai karɓa, sauran fa? Kwali na saya, salatif na saya, yaron da zai kai tasha sai na bashi na mota da ɗan abun hasafi, katin da zan kira direba sau biyar ina tambayar ya kai ina. Duk wannan daga ina zai fito?

Ummu Khalil Abuja: To ki rubuta min hakan mana Anti. Ki ce direba kaza, ɗauri da kaiwa tasha kaza. Wlh zan biya ban ce uffan ba. Abinda yake da ciwo shine a kira abu da sunan da ba nasa ba.

Baban Tasha: Salamu alaikum. Ni na yi shekaru ina lodi kafin ƙafa ta matsa min na koma saida kayan gyaran mota, bari na muku bayanin yadda direba yake yanke kuɗin saƙo dan na ga da yawanku matan nan daga ɗaki kuke ƙiyasi. Direba ba sikeli gareshi ba, da ido da hannu yake awo. Abu uku yake dubawa: gurin da kayan zai ci a but, nauyinsa, da kuma darajarsa in ya gane ko menene a ciki, dan ya san in ya ɓata shi za a riƙe. Ƙaramar mota mai ɗaukar mutum shida in jakarki ta cinye rabin but to kayan fasinja a ina zai sa, dole ya caje ki kusan kuɗin kujera. Sannan kuɗin da kika bashi ba nasa bane duka, akwai kason 'yan kamasho da na ƙungiya kafin ya fita daga tasha. Ga kuma lokaci, saƙon da za a kai miki a dubu huɗu ranar Talata ba haka yake ba ana jibi Sallah ko ranar da fasinja suka yi yawa mota ta yi ƙaranci. Turmi 14 da leshi uku ƙanwata 9,500 zuwa Abuja ba a zalunce ki ba. Kuma ku dena riƙe tsohon farashi a ka, tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce an cire tallafin mai lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa dubu, babu kuɗin saƙon da ya zauna inda yake.

Maman Ilham: Baba na gode, wlh ban taɓa zuwa tashar da kaina ba yaro nake aika kullum.

Baban Tasha: To ko sau ɗaya ki samu a rakaki Unguwa Uku ki ga yadda ake yi, ki karɓi lambar mutum ɗaya a ofishin saƙo. Nan gaba kafin ki buɗe baki ki faɗawa kwastoma kuɗin aike, ki ɗaure kayan tsaf ki ɗau hotonsu kusa da wani abu da za a gane girmansu, ko kujera ko bokiti, ki tura masa ya faɗa miki farashi. Minti biyar ne. Kuma dan Allah ku dena ba direban da ya tsaya a bakin titi wajen tasha saƙo dan ya rage muku ɗari biyar, in kaya suka ɓata babu wanda zaku kama. Na cikin tasha an san motarsa an san layinsa, a rubuta a littafi a baku takardar webil wato shaidar an karɓi saƙo, ku ɗau hoton lambar motar da lambar wayarsa ku turawa mai kaya.

Ɗan Kwari: Ni fa shawarata ta fi duk wannan sauƙi, ku zuba kuɗin aiken a cikin farashin kaya ku rubuta aike kyauta. Turmin 21,000 ki maida shi 22,000 shikenan, mutane suna son kalmar kyauta, babu jayayya babu ciko.

Anti Mai Kayan Kicin: A'a Alhaji wannan a atamfa ne kawai zai yiwu shima ba ko yaushe ba. Ni da nake saida tukwane da kuloli, set ɗaya aikensa zuwa Zariya da aikensa zuwa Fatakwal bambancin ya ninka sau uku ko huɗu, wanne zan zuba a farashi? In na sa na Fatakwal 'yar Kaduna da zata zo gida ta ɗauka na cuceta kuma zata ga na fi kowa tsada ta gudu, in na sa na Zariya ni na cutu.

Hajja Mai Turare: Kuma mai turmi ɗaya dubu ɗayan da ka ƙara bata isa aikenta ba, mai turmi 14 kuma ta biya dubu 14 na aiken da bai kai haka ba. Wani yana biya wa wani kenan.

Ɗan Kwari: Haka kasuwa take Hajja, wani ciniki ya rufe wani. Amma na yarda ga mai kaya masu nauyi bazai yi ba.

Akanta: Barkanmu da yamma. Na karanta tun daga sama, ni abinda na gani shine tushen matsalar Maman Ilham ba tasha bace, rashin takardar lissafi ce. Hira a WhatsApp ana yi ana gaisawa ana turo hoton kala ana canza ra'ayi, sai a tsakiyar wannan hayaniyar a jefo jimla daga ka, dole wata rana a yi tuntuɓe. Abu biyu ne mutane suke haɗawa. Akwai inbois, ita ake bayarwa kafin a biya, tana cewa ga abinda kika saya ga abinda ake binki. Akwai rasit, shi kuma bayan kuɗi sun shigo ake bayarwa, yana cewa na karɓi kaza saura kaza. Inbois ba sai da kwamfuta ba, ko a takarda kika rubuta da biro kika ɗau hoto ta wadatar, in dai akwai kwanan wata da lamba da sunan mai saye, kowane kaya a layinsa da adadinsa da kuɗin ɗaya da kuɗin duka, sai jimlar kaya ita kaɗai, sai kuɗin aike a nasa layin, sannan babbar jimla a ƙasa da lambar asusun da za a tura. Da haka kika yi da kin rubuta leshi 3 sau 38,000 hannunki da kansa zai rubuta 114,000, jimlar kaya ta fito 450,000 ba 412,000 ba. Kuma ki dinga sa wa'adi, misali wannan farashin na kwana biyu ne, saboda masu karɓar lissafi su ɓace sati uku su dawo suce ai haka kika ce.

Maman Ilham: Wlh a kalkuletar waya na danna ina goye da yarinya tana kuka, na tabbata sau biyu na danna kuɗin leshin na ɗauka uku ne.

Akanta: Yana faruwa da kowa Hajiya. Abinda zai taimakeki yanzu shine a rubutun naki kin lissafo leshi 3 kowanne 38,000, ko ba haka ba? To hujjarki tana cikin hoton da ita kanta ta turo miki. Ki zauna ki rubuta mata inbois mai tsafta layi-layi, ki nuna abinda ta biya da abinda ya rage, kar ki sa zancen kuɗin mota a ciki ko kaɗan, ki ma rubuta aike 4,000 kamar yadda kuka yi. Ki bar lissafin ya yi magana.

Malam Na Zaure: Allah ya saka da alheri Akanta. Ta fuskar addini ma haka abun yake. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, akan rubuta bashi ta sauka, to ina ga cinikin da mai saye yana Abuja mai saidawa tana Kano ba su taɓa ganin juna ba. Game da aike, hadisi ya zo cewa musulmi suna kan sharuɗɗansu, kin ce dubu huɗu ta amince ta biya, ba ki da ikon tilasta mata ƙari sai dai in ta ga dama ta kyautata. Game da leshi kuwa kuskuren lissafi baya halatta mata shi, dukiyar musulmi bata halatta sai da daɗin ransa, kuma ita ta san uku ta ce a kawo, uku aka kawo, ta san kuɗin kowanne. Ko ta biya ko ta dawo da ɗaya. Sai dai ina jan hankalin masu cewa "turo kuɗin kaya, na aike sai mun gani", a yi ƙoƙari a faɗi iyaka ko da ƙiyasi ne, dan ciniki akan abinda ba a san adadinsa ba shi yake haifar da husuma.

Anti Mai Kayan Kicin: Malam wannan ta ƙarshen ni ta shafa kai tsaye dan mu masu odar Chana bamu da yadda zamu yi. Kaya zaka saya a 1688, shafin sayen kaya na Chana, yau da kuɗin yau, amma kuɗin jirgi sai kaya sun sauka ake faɗa maka kuma da dala ake lissafa shi. Wanda ya yi oda kafin a saki naira a watan Yunin 2023 ya ga tashin hankali, farkon 2024 dala ta haura 1,500, kayan da ka cewa mutane kuɗin jirginsu zai kama dubu uku sai ga shi ya zo dubu bakwai. Na sha kuka a lokacin nan, mata sun biya kuɗin kaya sun ƙi zuwa su biya na jirgi, falona ya cika da kwalaye, ni kuma na ranto na fanso su. Sannan ga abinda mutane basu sani ba, jirgin sama ba nauyin sikeli kaɗai yake kallo ba har da girman kwali. Irin su DHL tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita suke yi su raba da 5000, duk wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli shi zaka biya. Kwali mai 50 da 40 da 40 ya zama kilo 16 kenan ko da robobi ne a ciki da basu wuce kilo 6 ba. Jirgin ruwa kuma da CBM ake yi wato gurin da kaya suka ci a kwantena. Yanzu dai abinda nake yi, ina rubutawa a inbois cewa kuɗin jirgi zai kama tsakanin kaza da kaza, in karɓi rabin na saman tun farko, in ya sauka na turo takardar da kamfanin jigila ya bani kowa ya gani da idonsa.

Malam Na Zaure: Wannan ya yi Hajiya, kin faɗi iyaka kuma kin nuna takarda.

Ummu Khalil Abuja: Kin ga irin wannan ko nawa ne zan ciko dan na ga takarda.

Sabuwar 'Yar Kasuwa: Dan Allah ni tambaya gareni tunda ana maganar, ni takalma nake saidawa wata biyu da farawa. Ba gara kawai ace mai kaya ya biya direba in saƙo ya isa ba? Ni haka nake yi ban taɓa samun matsala ba.

Baban Tasha: 'Yata zaki samu in baki yi hattara ba. Direbobi da yawa basa son wannan dan sun sha wuya, ya isa Legas ko Jos ya kira lamba a kashe, ko a ɗauka ace masa ai an biya tun daga Kano, ko mai kaya ya tsaya yana masa ciniki alhali shi lodi yake so ya juya. Wanda ya yarda ma sai ya ɗora wani abu a kai. In zaki yi haka ki tsayar da farashin da direban tun a nan, a rubuta a jikin kayan da maka "za a biya 3,500", ki tura wa kwastoma hoton, ta amsa miki a rubuce cewa ta yarda kafin mota ta tashi.

Hajja Mai Turare: Ni abinda ya koya min hankali biya-in-kaya-sun-iso ne. Wata ta yi odar humra da turaren wuta daga nan Maiduguri zuwa Kaduna tace sai ta gani zata biya, na yarda dan tana yawan min magana mai daɗi a sitatus. Kaya suka isa ta dena ɗaukar waya, kwana huɗu suna ofishin tasha, ƙarshe na biya kuɗin zuwa na biya na ajiya na biya na dawowa, kuma kwalba biyu suka fashe a hanya suka ɓata sauran. Tun daga nan ko 'yar uwata ce sai ta fara turo kuɗin aike zuwa da rabin kuɗin kaya. Kuma ina rubutawa ƙarara a ƙasan inbois cewa kwalba in ta fashe a mota ga yadda zamu raba asarar, ta karanta ta yarda kafin na ɗaure.

Sabuwar 'Yar Kasuwa: Innalillahi, Allah ya mayar da alheri Hajja. Na ɗau darasi.

Ɗan Maraɗi: Sallama gareku 'yan uwa na Najeriya. Mu nan matsalarmu ta fi taku kauri saboda kuɗi iri biyu ne. Ina sayen kaya wajen 'yan Kano ina saidawa nan Maraɗi da Damagaram, sai mutum ya rubuto maka jimla 85,000 bai ce naira ba bai ce sefa ba, kai kuma kwastomanka na nan da jaka, wato sefa dubu, yake lissafi. Kuma canji yana motsi, farashin safe daban na marece daban, in ka aika kuɗi ta hannun mai canji suka isa da giɓin dubu biyu sai a tsaya ana wa zai cika. Ga duwan, wato kwastan, a kan iyaka, ga masu tsallakar da kaya ta Jibiya ko Maigatari kowa da nashi. Lokacin da aka rufe iyaka a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai har zuwa Maris 2024 kuɗin kawo kaya ya fi ƙarfin ribar gaba ɗaya. Roƙona ga masu aiko muna kaya, ku rubuta sunan kuɗin, ku rubuta har ina kuɗin aiken ya tsaya, bakin iyaka ne ko cikin gari, kuma wa zai biya duwan.

Akanta: Wannan magana ta "har ina" tana da muhimmanci ko a cikin gida. Aike zuwa Abuja yana iya nufin tasha yana iya nufin ƙofar gida, a rubuta wanne. Wani abu kuma da na ga wasu suna yi, suna sauke manhajar inbois a waya sai ta sa musu harajin VAT kashi 7.5 da kanta su kuma su barshi dan takardar ta yi kama da ta kamfani. Kashi 7.5 ɗin gaskiya ne tun Fabrairun 2020 haka yake, amma kuɗin gwamnati ne ba naki ba, in ba rijista kika yi kina kaiwa hukumar haraji ba ki goge layin. Sannan kar a rubuta rasit da hoton tiransifa, a buɗe manhajar banki a ga kuɗi sun zauna a balas tukunna, alat na bogi ya yi yawa.

Ɗan Kwari: Da naira hamsin ɗin nan da ake cira in kuɗi sun kai dubu goma, akwai wanda ya taɓa riƙe min kaya a kanta wlh.

Anti Mai Kayan Kicin: Wannan kam a barta ta bi ruwa Alhaji, bata kai a ɓata da kwastoma ba.

Ummu Khalil Abuja: Maman Ilham in zaki ji tawa kar ki kirata, rubutu zaki mata. Mai biki a gaba kanta a ɗaure yake, ga 'yan anko kowa na mata waya, ƙila ma ta riga ta karɓi kuɗi a hannunsu akan tsohon lissafin shiyasa take ganin daga aljihunta zai fita. Ki fara da cewa na aike kin ɗauke mata, kuskurenki ne, sannan ki kawo leshin, ki bata zaɓi ko ta biya ko ta bayar a dawo miki da ɗaya ke zaki biya kuɗin motar.

Maman Ilham: Toh bari na gwada haka, yanzu zan zauna na rubuta. Akanta dan Allah in na gama zan turo maka ta gefe ka duba min kafin na tura mata.

Akanta: Ba damuwa Hajiya, ki rufe sunanta da lambarta kafin ki turo.

Maman Ilham: 'Yan uwa na dawo. Na tura mata jiya da daddare kamar yadda kuka ce, bata amsa ba sai yau bayan azahar. Tace ta zauna ita da ƙanwarta sun danna lissafin sun ga haka ne, wai da farko ta ɗauka duk zancen ƙarin kuɗin mota ne nake so na shigo da shi ta bayan gida. Ta turo 20,000 yanzu na gani a balas, tace sauran 18,000 sai ranar Litinin in mai leshin ta bata. Na rubuta mata rasit na sa an karɓi 436,000 saura 18,000 da ranar da ta faɗa. Dubu bakwai ɗin aike ban sake tada ta ba. Tace kuma da ta je karɓar kayan an karɓi ɗari biyar a hannunta wai kuɗin sauke kaya, Baba wannan daidai ne?

Baban Tasha: In jakar ta kwana a ofis ko yara ne suka ɗauko mata zuwa mota, ana bada wannan, ba na direba bane. In kuma daga but ɗinsa ya miƙa mata hannu da hannu to bai kamata ba tunda an biyashi cif. Turo min lambar motar ta gefe na tambaya miki.

Sabuwar 'Yar Kasuwa: Maman Ilham dan Allah in ba damuwa ki sako mana hoton inbois ɗin a nan bayan kin goge sunan, ina da oda biyu zuwa Gombe gobe da safe ina so na kwafi tsarin.

Maman Ilham: Toh bari yara su yi bacci na sako.